Muryoyi Uku, Baki Ɗaya

A shekarun 1970 an yi wani makaɗi a Landan da ya mallaki Minimoog, na'urar kiɗan nan ta lantarki da kamfanin Robert Moog na Amurka ya fitar a farkon shekarun. A cikinta akwai osileta uku, wato da'irorin lantarki masu haifar da sauti, kowacce da muryarta. Aibinta ɗaya, ba ta riƙe saiti. In gari ya yi sanyi muryoyin su zame, in fitilun dandali suka gasa ta su sake zamewa, kamar fatar kalangu da damina. Shi ya sa masu ita kan kunna ta, su bar ta ta ɗumama, sannan su kasa kunne.

Da kunne ake saitin. Ka danne maɓalli guda, ka buɗe murya ta farko da ta biyu. In sun ɗan saɓa sai ka ji sautin yana lilo, wau-wau-wau. Lilon nan lissafi ne: in ɗaya na girgiza sau 440 a daƙiƙa, ɗayar sau 442, sau biyu zai yi lilo kowace daƙiƙa. Sai ka bi mamurɗin ta biyu a hankali, lilon na ja baya, har ya tsaya cik. Sannan ka koma kan ta uku.

Gaskiya a nan makaɗin namu ba shi da na biyu. Kafin ka ƙifta ido ya sa muryoyin uku sun zama ɗaya, sumul.

Amma fa murya ta farko ba ta da mamurɗin kanta. Ita ake bi. In ta zame, sauran biyun ana saita su ne a kan zamewarta, su ukun su tafi tare cikin lumana. Maƙeran sun san da haka, shi ya sa suka sa wani makunni mai suna A-440, wanda ke fitar da sauti tsayayye don a gwada ta farkon da shi, a gyara da babban mamurɗin da ke jan su duka.

Wata rana mai jitar da ke kiɗa tare da shi ya ce, “Maigida, ka yi ƙasa kaɗan.”

Maigida ya danne maɓalli, ya ɗaga yatsa sama. “Ka ji lilo? Muryoyi uku sun yi baki ɗaya, kai kaɗai ne za ka ƙaryata su?”

Yaron da ke ɗaukar masa kaya ya matso ya ce a hankali, “Maigida, ko a taɓa makunnin nan mu ji?” Washegari aka wayi gari an liƙe makunnin da salatif, yaron kuma an mai da shi gadin mota. Mai jita ya tattara nasa ya tafi. Wanda ya maye gurbinsa mai wayo ne, kullum sai ya sassauta tsirkiyarsa ta yi daidai da na'urar maigida, har ya zama ɗan gaban goshi. Da Prophet-5 ta fito a 1978 da maɓallin da ke saita ta da kanta, maigida ya ce wannan kayan malalata ne.

Ranar da suka hau wani dandali mai babban fiyano na katako, wanda ba ya sassautuwa don a faranta wa wani, sai kiɗa ya kacame. Maigida ya ce fiyanon ne ya lalace, yaransa suka ce wallahi su ma haka suka ji. 'Yan kallo ba su yi musu da kowa ba, takalmansu kawai suka nema.

Ranka ya daɗe mai mashawarta biyu da ba su taɓa cewa a'a ba, labarin kiɗa kurum na kawo. Makunnin dai yana ɓangaren dama na na'urar, kusa da mamurɗin ƙara.