Nasiha Ga Mai Niyyar Tattaki Zuwa Gindin Tsaunin Everest

Ya kai ɗan'uwa wanda Allah ya yalwata wa arziki har ya rasa inda zai kai shi, zuciyarsa kuma ta raya masa cewa ba abin da ya rage masa a duniya face ya sayi wahala da kuɗinsa, ya tafi ƙasar Nepal ya taka da ƙafa zuwa gindin tsaunin Everest, ka sani wannan al'amari yana da sharuɗɗa da ladubba, waɗanda in ka kiyaye su za ka komo gida da ranka, in ka yi gyaɗar dogo har da ragowar mutuncinka.

Farkon abin da ya wajaba a kanka shi ne gyara niyya, domin ba ƙololuwar za ka hau ba. Ita wannan, wadda hukumomin Nepal da Sin suka haɗu a 2020 suka ce tsayinta mita 8,848 ne da 'yan kai, sai irin su Tenzing Norgay da Edmund Hillary, waɗanda suka fara taka ta ranar 29 ga Mayu 1953. Kai iyakarka sansanin da ke ƙarƙashinta, a mita 5,364, tafiyar kamar kwana 12 zuwa da komowa. Amma in mutanen unguwa suka fahimci abin a baibai, malamai ba su ɗora maka wajibcin bin su gida gida kana warware musu shubuha ba.

Daga nan sai ka biya basussukanka, ka rubuta wasiyya, ka shiga ɗan ƙaramin jirgin da zai kai ka Lukla. Titin saukar jirgi a can mita 527 ne kacal, a kan gangare aka shimfiɗa shi tun 1964, ƙarshensa ɗaya bangon dutse, ɗayan kuwa kwazazzabo wanda ba a so a daɗe ana kallonsa. Saboda haka in ka ga Turawa sun ɓarke da tafi sa'ad da tayoyi suka taɓa ƙasa, kada ka ɗauke su marasa kamun kai, kai dai ka yi hamdala a ɓoye. Garin Lukla yana bisa mita 2,860, watau ka ɗara Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda duk Nijeriya ba dutsen da ya kai shi, tun kafin ka ɗaga ƙafa. To, ka ji daɗin wannan ɗaukaka sosai, gama ita kaɗai za ka samu a zaune.

A nan za a haɗa ka da jagora da ɗan dako. Ka kiyaye, Sherpa al'umma ce mai harshenta da addininta na Buddha, wadda kakanninta suka ƙetaro daga gabashin Tibet shekaru wajen 500 da suka shige, ba sunan sana'ar ɗaukar kaya ba ne. Da yawa daga masu dakon ma 'yan ƙabilar Rai ne ko Tamang, da suka hauro daga ƙasa neman abinci. Sherpa suna raɗa wa yaro sunan ranar haihuwarsa yadda muke yi, Pasang shi ne Ɗanjuma, Nima Ɗanladi, Pemba Ɗan'asabe, don haka makaruhi ne ka tsaya tsakar masauki ka ƙwala kiran Pasang, sai fa in kana da aikin da za ka ba mutum huɗu.

Babbar fitinar da za ta sami girmanka a hanya daga wajen waɗannan bayin Allah za ta fito. Kana tafe da takalmi mai tsadar gaske, da sanduna biyu, da 'yar jakar da ba komai cikinta sai ruwa da alewa, kana haki kamar ranka zai fita, sai wani siririn saurayi ya zo ya wuce ka, ya rataya igiya a goshi, a bayansa akwai jakarka da ta abokinka, ko tulun gas, ko ƙyauren ɗaki sukutum, yana kuma hira a waya. Abin da masana suka zaɓa a wannan hali shi ne ka tsaya cak, ka fito da na'urar ɗaukar hoto, ka ƙura wa wani dutse ido kamar mai tadabburi cikin halittar Ubangiji, har numfashinka ya komo. Ba wanda zai yarda, amma mutanen kirki ne, ba za su faɗa ba. Maganar jagora kuwa tana bukatar tawili: in ya ce hanyar yau shimfiɗaɗɗiya ce, nufinsa za a hau a sauka a sake hawa, in ya ce saura kaɗan, ka nemi wuri ka ci abinci. Abu guda da yake faɗa wanda za ka ɗauka a zahirinsa shi ne bistari, bistari, watau sannu a hankali.

Za ka ƙetare kogin Dudh Kosi sau da dama a kan gadojin waya masu lilo. In ka ji ƙararrawa, ayarin shanun dutse ne da ake kira yak, ko barbarar yanyawansu, ɗauke da kaya. Ka raɓe ta gefen dutse, kada ta gefen rami, domin dabbar ba ta da mugun nufi, ba ta dai san faɗin kayanta ba ne. In ka iske tarin duwatsu masu rubutun addu'o'insu a tsakiyar hanya, al'adarsu ita ce a bi ta hagu a bar su a dama. Ba ibadarka ba ce, amma baƙo ba ya rasa komai don ya kauce taku uku.

A Namche, kasuwar ƙasar Sherpa mai ci ran Asabar, a mita 3,440, za a yi maka bushara da ranar hutu. Kada ka yi murna. Hutu a istilahinsu shi ne a tashe ka da sassafe a hau da kai wani tudun, a komo da kai ka kwana inda ka tashi, wai don jini ya saba. In an bi da kai Khumjung, za ka ga makarantar da Hillary ya gina a 1961, da wani ɗakin ibada inda ake ajiye wata fata mai gashi cikin akwati a kulle, wadda suke cewa fatar kan dodon ƙanƙara ce. Ka ba da abin sadaka, ka duba, ka gyaɗa kai, ka bar bincike ga masu bincike.

A kan sha'anin iska kuwa zan ɗan rage wasa. A sansani abin da huhunka ke samu kusan rabin na bakin teku ne, kuma ciwon tsauni bai san saurayi ba, bai san mai motsa jiki ba, hasali ma masu ji da ƙarfi ya fi kayarwa, saboda su ne ba su jin bari. Ƙa'ida ita ce bayan mita 3,000 kada wurin kwananka ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Ciwon kai da rashin barci da ƙin abinci gargaɗi ne. In aka kai ga amai, ko tangaɗi, ko haki kana zaune, magani ɗaya ne, a sauka, ko da tsakar dare ne. Akwai ɗakin shan magani a Pheriche da aka kafa domin wannan. Wanda ya wuce Dughla zai ga tudun da aka cika da tarin duwatsu don tunawa da waɗanda tsaunin ya ci, da yawansu 'ya'yan ƙasar ne. A rana ɗaya tak, 18 ga Afrilu 2014, ƙanƙara ta rufta wa ma'aikata 16 suna kai kayan baƙi sama. A nan ka yi shiru ka wuce.

Abinci kuwa, ka lazimci dal bhat, shinkafa da romon wake da ganye, domin shi kaɗai ake ƙara wa mutum ba da ƙarin kuɗi ba. Nama ka yi masa takaba: ba sa yanka dabba a wannan yanki, don haka duk tsokar da ka gani a faranti ta yi kwanaki tana hawa a bayan mutum, ga kuma mas'alar wanda ya yanka. In an shigar da kai gida aka miƙo shayi mai gishiri da man shanu, ka kurɓa da basira, gama duk sa'ad da ƙoƙon ya ragu za a cika shi. Da dare kowa yana taruwa a zaure guda, a kewaye murhun da ake hurawa da busasshen kashin yak, ɗakin kwana kuwa ba wuta, ruwan gorarka ma daskarewa yake yi. Za a umurce ka da shan ruwa lita uku ko huɗu, a ba ka ƙwayar Diamox mai sa yawan fitsari, sa'an nan a nuna maka makewayi a can ƙarshen baranda. Hikimar wannan tsari tana wurin likitoci. Ruwan zafi na sayarwa ne, cajin waya haka, farashi kuma yana hawa tare da kai. Ka koyi hukuncin taimama tun a gida, duwatsu dai ba za su yi maka ƙaranci ba, kuma ka tuna alƙibla a can yamma take, kada sabo ya sa ka ba Ka'aba baya.

Ranar da ka isa sansani, bayan Lobuche da Gorak Shep, za ka tarar da tsakuwa da ƙanƙara da wani dutse da aka rubuta wa suna, mutane sun yi layi suna hoto. Everest kuwa, wanda ka zuba dukiya dominsa, ya ɓuya bayan maƙwabtansa, da ƙyar ake hango ɗan kansa. Mai son ganinsa sosai sai ya tashi kafin asuba ya hau Kala Patthar, wajen mita 5,545, cikin sanyin da ke kashe batirin waya nan take, don haka ka kwana da ita a ƙirji.

Abin da ka hau a kwana takwas za ka sauke shi a uku, gwiwoyinka suna la'antarka. A Lukla ka ba ɗan dakonka da jagoranka tukwici mai kauri, hannu da hannu, kada ka taya, domin sun san abubuwa game da kai. Sa'an nan ka sami benci ka zauna, gama in gajimare ya sauko jirgi ba ya tashi, yini ɗaya ko uku, kuma duk wanda ka tambaya yaushe gari zai washe, zai dubi sama ya ce maka saura kaɗan.