Bakano Ya Sayi Alƙalamin Tawada

Labari ya iso mana nan Chikaji ta Zariya cewa kai, Bakano, ka shiga sahun marubuta. Wai ka yo odar kundi mai bangon fata daga Dubai, da alƙalamin Parker, da kwalbar tawadar Quink, ka biya kuɗin da zai sayi buhun masara. To, barka da arziki! Amma me za ka rubuta? Mu dai a saninmu rubutunku bai wuce "Alhaji wane, saura dubu hamsin" ba. Wannan kuwa biron Bic da bayan kwalin sukari sun ishe shi.

Abin dariyar ma, fata taku ce. Tun zamanin fatake, majeman Kano ke jeme fatar jar akuya da bagaruwa, a ƙetara Sahara da ita, Turawa su saya a Maroko. Ga dukawa nan a Kurmi suna ɗinka gafaka da tadarishi, ba ka taɓa tsayawa ka taya ba. Sai da aka manna wa abin tambarin waje aka ce aikin hannu ne, sannan ka kwance bakin aljihu.

Tunda na san halinka, bari in ja maka kunne. Ranar da kwalbar nan ta ƙare, kada tsumulmula ta sa ka aika makarantar allo a ɗebo maka ta kurtu. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, ta alƙalamin kara ce wanda ake ferewa a tsoma. Ka ɗura ta a Parker, ƙaron ya bushe ya toshe hanyar, shi ke nan an yi asara. Kada kuma ka danna bakinsa kamar kana sa hannu a rasit, tanƙwarewa zai yi. Takarda ma sai mai kauri, siririya tawada ke huda ta.

Ina ka san wannan? Harkar takarda tamu ce. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita. A Tukur-Tukur aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kamfanin buga littattafai na NNPC ya biyo baya a 1966. Jami'ar Bayero da kuke taƙama da ita, a goyon ABU ta Samaru ta tashi, kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Da kuka ce ku ma sai kun rubuta littattafai, me aka sa wa abin? Adabin Kasuwar Kano!

Saboda haka ka ɗauko kundin nan ka taho. Mu zagaya da kai shagunan littattafai na Sabon Gari da Samaru, sannan in damƙa ka ga malamin zaure ya gyara maka hannu. Ka haɗo da kuɗin sharar bana, bawana, don ba na ba Bakano bashi.