Mu da 'Yar Lambar Nan Mai Ɗigo-Ɗigo

Mu dai a unguwar nan ba a yi mana shela idan sabon abu ya shigo. Sai dai ka wayi gari ka ga yara suna yi, an jima matan gida sun kama, kafin ka ankara dattawan majalisa ma sun shiga ciki. Haka 'yar lambar nan mai kusurwa huɗu, mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari kamar gidan dara, wadda ake kira lambar QR, ta shigo mana. Ba wanda ya kira taro a kanta, amma yau da wuya ka zazzage jakar takardun magidanci ba ka gan ta ba.

Ta ƙofar fim da wa'azi ta fara zuwa. Ka je shagon mai cajin waya bayan la'asar ka ga ikon Allah. Wannan sabon fim ɗin Kannywood yake so, wancan tafsirin azumin bara mahaifiyarsa ta aiko shi nema. Sai a buɗe Xender, lambar ta bayyana a fuskar wayar mai turawa, mai karɓa ya ɗaga tasa ya saita kyamara, ya ɗan ja baya, ya ɗan matso, hannu ya tsaya cak. Sai ka ji an ce, "Ta kama!" Nan da nan fim ya haura, ba a ci datar kowa ba. Masu shagon buga takardu kuwa da ita suke ɗora WhatsApp a kwamfuta, su ciro takardar da ka tura musu su buga maka.

Daga nan sai ta bi mu cikin takardun hukuma. Tana jikin takardar NIN. Tana jikin katin rigakafin korona da aka raba a 2021, wanda matafiya suka riƙa tattalinsa tare da fasfo. Irinta ce a jikin takardar shiga jirgin sama. Alhazanmu kuwa su ne shaidu na gaba-gaba, domin tun aikin Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya suka wajabta wa kowane alhaji rataya katin Nusuk. Ka je barka da sauka wurin duk Hajiyar da ta dawo ka ji labari. Za ta ce maka, "Ɗan nan, wannan kati ko barci zan yi yana wuyana. Askar zai ɗora na'urarsa a kai, sai ga sunana, ga masaukina, ga komai." Tsohuwar da ba ta jin Larabci, ba ta karanta boko, ta ɓace a cunkoson Mina, da wannan 'yar lambar ake gane tantinta a mayar da ita cikin 'yan uwanta. Duk wanda ya taɓa neman tsohuwarsa a cikin taro ya san wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Asalinta kuwa ko kusa ba don waya aka yi ta ba. A Japan aka ƙirƙiro ta a 1994, a kamfanin Denso na dangin Toyota, domin bin sawun sassan mota a masana'anta. Tsohuwar lamba mai layi-layi da muke gani a bayan gwangwanin madara lambobi 13 kawai take ɗauka, ma'aikata kuma sun gaji da haska lambobi barkatai a kan akwati guda. Sai wani injiniya, Masahiro Hara, da abokan aikinsa suka yi wadda ake karantawa a tsaye da kwance, mai iya ɗaukar lambobi har 7,089. An ce daga allon wasan Go, mai baƙaƙe da fararen duwatsu, dabarar ta zo masa. Manyan murabba'ai ukun da ke kusurwoyinta su ke nuna wa kyamara sama da ƙasa, shi ya sa ko a karkace ka riƙe waya take kamawa. An kuma gina ta yadda ko wani sashe ya goge ko ya yi datti, har kusan kashi 30 cikin ɗari a mafi ƙarfinta, za ta karantu. Kamfanin bai nemi ko sisi daga masu amfani da ita ba, ya sakar wa duniya. Da sun ɗora mata kuɗi, da ba ta iso layinmu ba.

Inda muka ja birki shi ne wajen ciniki. Kowa yana tune da farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Tsofaffi suka shige banki, sababbi suka ƙi fitowa. Mutum da kuɗinsa a akawun amma ba na cefane, layi a bakin ATM tun asuba, masu POS suna sayar da naira da naira. A cikin wannan wahala muka koyi tiransifa gaba ɗayanmu. Mai shayi, mai nama, mai kayan miya, har mai ƙosai, kowa ya buɗe akawun a OPay ko Moniepoint ko PalmPay, ya yago kwalin taliya, ya rubuta lambobi goma da maka, ya jingina a gaban tebur. Har yau a nan muka tsaya.

Ka dubi kwalin mai shayin bakin layi da daddare. Hayaƙi ya dafar da shi, mai ya fantsama a kai, ruwan sama ya taɓa shi tawadar ta zarme. Mai saye ya duƙa yana haskawa da fitilar waya.

"Malam, wannan bakwai ce ko ɗaya?"

"Bakwai ce, Yallaɓai."

"To ta kusa da ita fa?"

Ga ƙwai yana ƙonewa a kasko, ga mutane suna jiran Indomie, ga mai shayi ya saki cokali yana karanto lamba da ka. Idan aka kuskure guda, ko dai banki ya ƙi, ko wani suna daban ya fito. Mai sauri da bai duba ba, kuɗinsa ya tafi wani gari, sai zaryar banki da haƙuri.

Wannan wahalar ce lambar QR take ɗauke wa mutane, kuma muna da tamu. Tun watan Maris na 2021 kamfanin NIBSS, wanda ta hannunsa tiransifa tsakanin bankuna take bi, ya fito da tsarin NQR: ka haska, sunan mai kaya ya fito, ka sa kuɗi, ka danna. 'Yan kasuwarmu na Kantin Kwari masu zuwa sari Chana suna ba da labarin yadda a Guangzhou ko mai sayar da 'ya'yan itace a bakin titi lambar WeChat ko Alipay ce a gabansa. Masu zuwa Indiya neman magani ko karatu su ma sun gani. Can tun 2016 suka kafa tsarin UPI, har 'yan tireda suna ajiye wata 'yar lasifika da ke faɗin adadin kuɗin da ya shigo da ƙarfi kowa ya ji. Da muna da irinta, da masu alat ɗin bogi sun nemi wata sana'ar.

Ba taurin kai ne ya hana mu ba. Da yawa daga cikin iyayenmu ƙaramar waya mai madannai ce a hannunsu, ba kyamarar kirki, sai dai su danna tauraro da lambobi su tura kuɗi. Data ta yi tsada, sabis kuma yakan ɗauke a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Sannan ga tsoro, wanda kuma yana kan hanya, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Lambobi goma ido yana iya karanta su, amma wannan ɗigo-ɗigon sai waya ta buɗe shi ka san abin da ke ciki. A Amurka 'yan damfara sun riƙa liƙa tasu lambar a jikin na'urorin biyan kuɗin ajiye mota a jihar Texas, har hukumar FBI ta fitar da gargaɗi a Janairun 2022. A nan gida ma duk takardar da ta ce ka haska ka samu tallafi, sannan ta nemi BVN ɗinka ko lambar sirrinka, ka san ɓarawo ne a bayanta.

To amma maganin wannan tsoro yana hannunmu, domin ɗabi'ar da za ta kare mu mun riga mun iya ta. Mu ne fa ba ma tura kuɗi sai mun ɗaga kai mun tambaya, "Wane suna ne zai fito?" Mu riƙe wannan tambaya ko da haskawa muka yi. Mai kaya kuma kada ya yarda da hoton rasit a wayar wani, sai ya ga kuɗi a tasa. Da safe in ya buɗe shago ya shafa lambarsa ya tabbatar ba a liƙa wata a kanta ba.

Sauran aikin na samarinmu ne. Ku da kuka iya haɗa Xender ido rufe, ku zauna da Baba mai kayan miya da Inna mai ƙosai, ku duba musu ko bankinsu yana ba da lambar, ku buga musu ita a shagon kwamfuta, a rufe ta da leda, a rubuta sunansu da manyan baƙaƙe a ƙasa, a bar lambobi goman a gefe saboda masu ƙaramar waya. Ku nuna musu sau ɗaya, ku sake nuna musu, ba tsawa ba gajen haƙuri. Abin da za a kashe bai kai kuɗin datar mako ba, kuma waɗanda za su fi cin moriyarsa su ne waɗanda rubutun boko ya fi wahalarwa. Su suka yi mana ɗawainiya har muka iya karanta lamba, bai kamata a ce sabon sauƙi ya shigo unguwa mu more shi a fim, su kuma mu bar su da kwali ba.