Ranar da Manhajata Ta Yi Rabon Atamfa

Kawuna yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma tun da ya ji maƙwabcinsa na karɓar oda ta waya hankalinsa bai kwanta ba. Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah ya kira ni. "Ɗana, ba kai ne mai kwamfuta ba? Ka yi mini abin da mutum zai zaɓi kaya, ya biya, mu aika masa." Na gyara zaman hula na ce, "Kawu, ka ɗauka an gama."

Abin da ya ba ni wannan ƙarfin hali shi ne na san ba daga tushe zan fara ba. Akwai FastAPI, wanda wani ɗan Kolombiya, Sebastián Ramírez, ya fitar a ƙarshen 2018 don masu rubutu da yaren Python, ga kuma samfurinsa na farawa a GitHub, kyauta. Samfurin ya zo da kayansa cif: rumbun bayanai na PostgreSQL, shafin shiga da kalmar sirri, fuskar da aka yi da React, duk an ɗaure su da Docker Compose. Saukewar ta lashe mini data, amma da na buɗe tashar 8000 na ga shafin /docs ya jero hanyoyin manhajar reras, ban rubuta ko layi ɗaya ba, sai na ɗauki hoto na tura wa Kawu na ce aiki ya yi nisa.

Na sha jin cewa sirrin saurin abin shi ne async, wanda ya shigo Python tare da await a sigar 3.5, a 2015. Don haka duk aikin da na rubuta sai na liƙa masa async a goshi, don neman albarka. Wajen tabbatar da biya kuwa na kira tsohon abokina, laburaren requests, ya riƙa tambayar kamfanin biyan kuɗi ko kuɗi sun shiga. Kamfanin kan yi ɗan nawa kafin ya amsa. Na gwada ni kaɗai, komai lafiya lau.

Ranar gwaji Kawu ya tara yaran shago da maƙwabta, har da zoɓo mai sanyi. Ya ce kowa ya ciro waya a saya a lokaci guda. Suka danna. Wayar farko ta kama juyi, ta biyu ma haka, har ta ƙarshe. Shafin kallon kaya ma ya ƙi buɗewa. Na ce netwok ne. Babban yaron shago ya ɗaga wayarsa, bidiyo na tafiya a Facebook sumul. Na ce to zafi ne ya dami saba.

"Ɗana," in ji Kawu, "ba ka ce sabar a Jamus take ba?"

Nan 'yarsa, taubashiyata, mai karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a, ta jawo kwamfutar gabanta. Ta duba ta ƙyalƙyale da dariya. "Injiniya, ka san mai shayi? Shi kaɗai ne a teburinsa, amma in ya ɗora ruwa ba ya tsayawa gadin buta. Sai ya fasa wa wannan ƙwai, ya yanka wa wancan burodi. Async ke nan: ma'aikaci ɗaya ne, kuma await ce wurin da yake juyawa ga na gaba. Shi requests ba ya sakin hanya sai ya sami amsa. Ka sa mai shayinka ya rungume buta, layi ya kai titi."

Ta ce mafita biyu ce. Ko in goge async, FastAPI ya miƙa aikin ga ma'aikatansa na gefe, waɗanda 40 ne in ba a taɓa su ba, ko in koma httpx, mai iya jira ba tare da tare hanya ba. In goge async a gaban jama'a? Ina! Na ce ta matsa, dama na biyun nake shirin yi.

Na gyara, aka sake dannawa. Kafin ƙiftawar ido kowace waya ta nuna an biya. Kawu ya yi hamdala, maƙwabta suka fara neman lambata. Sai ƙaramin yaron shago, wanda ko kuɗin kati sai ya ranta, ya nuna rasit ɗin atamfa turmi goma. Wani maƙwabci ya kwashi shadda yadi hamsin. Kawu ya duba asusu, ko sisi bai shigo ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ashe await guda ce ta faɗi a hanya. In aka kira aikin async ba tare da ita ba, Python ba ya gudanar da shi, alƙawarin aikin kawai yake miƙowa, shi kuma sharaɗin if yana ɗaukar wannan alƙawari a matsayin e. Kamfanin ma ba a tambaye shi ba, shi ya sa abin ya yi sauri. Gargaɗi na nan a allon rahoto cewa akwai aikin da ba a jira ba, kuma taubashiyata ta karanta shi da ƙarfi don na bakin ƙofa su ji.

Ta ƙara kalmar, ta goge odar bogi, manhaja ta miƙe. Mai shadda yadi hamsin dai ya dage shi fa yana da rasit.

Kawu ya kurɓi zoɓo ya dube ni. "Ɗana, cikin ayyukanka biyu na fi son na farko. Wancan bai sayar da komai ba, amma bai yi kyauta da dukiyata ba." Ya ce daga yau kalmar sirri na hannun 'yarsa, ni kuma aka ɗora mini ɗaukar hoton atamfa.