Shirin Karo da Kangaru a Hanyar Bauchi

Mutanen Ostireliya ne suka ja mini, kuma har gobe ba su san sun yi ba. Ƙasarsu faɗi gare ta, mutum sai ya wuni yana tuƙi bai ga gidan mai ba, ga kangaru da ke faɗo wa mota da daddare. Shi ya sa suka saba ɗaura wa jif ƙaton ƙarfe a gaba, su ɗaga ta sama, su kafa mata tanti a ka, su kwashi iyali su shige daji. Ni kuwa ina kwance a Kano da waya a hannu ina kallonsu a YouTube, har zuciyata ta raya mini cewa abin da ya raba ni da su walda ce kawai.

Motar gidanmu Land Cruiser ce, samfurin 100 da aka riƙa ƙerawa daga 1998 zuwa 2007, 'yar Kwatano, mai silinda takwas da inji lita 4.7. An yi ta ne don hawa dutse da ratsa rafi, amma tunda ta shigo hannunmu aikinta kai yara makaranta, ɗauko shinkafa daga kasuwar Singa, da jigilar 'yan biki. Giyar ƙarfinta, wadda direbobi ke kira ogzilare, ba wanda ya taɓa motsa ta. A jikin sandarta ma uwargida ke rataye carbi. Na ga wannan cin fuska ne ga injiniyoyin Japan, na ɗauri aniyar share musu hawaye.

Da Ƙofar Ruwa na fara. Makanikena ya murɗa sandunan ƙarfen da ke riƙe da gabanta, ya sa dogayen sifirin a baya da sababbin shokozoba, mota ta miƙe. Muka cire tayoyi masu inci 31 muka sa masu inci 33, masu manyan haƙora. Ya ce mini in sani, daga yau agogon gudu ya zama maƙaryaci, in ya nuna 100 to wajen 106 nake yi, tunda babbar taya ta fi cin ƙasa a kowane juyi. Na ce wannan ai riba ce.

Sai mai walda. Mutumin kirki ne, amma sana'arsa ƙofar gida da ƙarfen taga. Na nuna masa hoton bambar da nake so, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, me za ka riƙa bugewa?"

Na ce, "Kangaru."

Ya ce, "To, Allah Ya tsare."

Da ƙarfen da yake yin ƙofa ya ƙera ta, maza uku ne suka ɗaga, kuma saboda ƙauna ya yi mata adon fulawa a tsakiya, kyauta. A kanta muka zaunar da winci, wato injin nan mai igiyar ƙarfe da ke jawo mota idan ta kafe. A gefen gilas muka kafa bututun shaƙar iska don shiga ruwa mai zurfi. Na kanti ya yi tsada, mai famfo ya haɗa mana da fayif ɗin roba, aka shafa masa baƙin fenti. A sama kariya, a kan kariya tanti mai naɗewa da tsaninsa, da jarkoki huɗu masu lita 25. A baya na cire kujerun ƙarshe na sa durowa, da firji, da batir na biyu don firjin.

Da magariba na taho da ita gida, yaran unguwa na bin ta da ihu. Na saita hancinta a ƙofa yadda na saba, sai na ji ƙuuu daga sama. Tanti ya gaisa da dakalin simintin da ke saman ƙofar. Uwargida ta leƙo ta dubi motar daga ƙasa har sama, ta ce, "Malam, wannan ai kamar motar da ta ɗauko kayan ɗakin amarya daga ƙauye." Tun daga daren nan a waje take kwana, ina biyan maigadin layi kuɗin tsaro. Hajiya mahaifiyata kuwa, ranar da za a kai ta asibiti, sai da aka kawo kujerar tsuguno ta taka. Ta ce, "Kai, motar ce ta ƙara tsawo ko ni ce nake komawa ƙasa?" Maganar mai ba sai na ja ta ba. Tankinta lita 96 yake ci, an cire tallafi tun ranar 29 ga Mayu 2023, ga nauyi, ga tanti yana tare iska. Yaran gidan mai suka daina ce mini Oga, suka koma ranka ya daɗe.

Da aka zo zancen tafiya, uwargida ce ta zaɓi Yankari, bisa sharaɗin cewa a wannan zamani ba ɗanta da zai kwana a buɗaɗɗen daji. Muka ɗauki hanyar Wudil, Birnin Kudu, Ningi. A kowane shinge sai an tsayar da mu a tambayi sunan ƙungiyarmu. Wani ma ya so ganin takardar izinin haƙar ma'adinai. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kwalta. Kwalta gaba, kwalta baya, 'yan ƙananan motocin haya suna wuce ni suna ɗaga mini hannu. Don haka da muka wuce Ningi na hango wata 'yar hanya ta gangara zuwa busasshen rafi, sai na karya sitiyari.

"Malam, ina kuma za mu?"

"Mota za a gwada."

Rabin farko na rafin lafiya lau. A tsakiya ta fara nishi, ta tsaya. Na ce a cire carbi, na ja ogzilare, na taka totur har ƙasa. Nan na gane amfanin manyan haƙora: babu tayar da ta kai su iya haƙa rami. Kafin in ɗaga ƙafa, cikin mota ya kwanta a kan yashi, kuma a karo na farko ƙaramar 'yata ta sauka ba tare da an ɗauke ta ba.

Ban damu ba, ai don irin wannan rana aka sayi winci. Na jawo igiya har ƙarshenta, na duba gabas na duba yamma. Winci abu ne da ke buƙatar abin kamawa, kuma itacen da ya fi kusa wata kuka ce can a kan gaɓa, ko igiya uku aka haɗa ba za su kai ta ba. Hamadar Tenere ma an san ta da itace guda, har sai da wani direban babbar mota ya buge shi a 1973 aka kwashe shi zuwa gidan tarihi a Yamai. Rafina ko wannan gata bai samu ba.

Amma na ga dabarar a bidiyo: a haƙa rami a binne safaya, a ɗaura igiya a jikinta. Na haƙa da tsakar rana, babban ɗana na riƙe mini lema, na binne, na tattake. Na kashe inji don tattalin mai, na danna winci. Igiya ta miƙe, yashi ya motsa, safaya ta ɓullo daga kabarinta ta taho a hankali har ta zo ta jingina da adon fulawa. Mota ko gezau. Na sake binnewa da zurfi, ta sake tahowa, wannan karon ta tsaya a rabin hanya, don winci yana zuƙar wuta ɗaruruwan amfiya, kuma batir ba ya jure masa in inji ba ya aiki. Na murɗa makulli, sai ƙyas-ƙyas. Uwargida ta buɗe firji ta raba wa yara zoɓo mai sanyi, ba ta ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Muna nan wani ya zo a kan babur, da matarsa a baya da akuya a tsakaninsu, ya yi mana sannu, ya ratsa rafin ya haye.

Shi ne ya turo mana wani dattijo da samari. Tsohon direba ne, ya ce ya yi shekaru yana kai kaya Agadas. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa bamba, ya ɗaga kai ya dubi tanti, ya ce, "Ɗana, ƙaura kuke yi?" Sannan ya nemi tsinken ashana, ya tsuguna ya fara sace iskar tayata. Na yi tsalle na ce, "Baba, sababbi ne fa!" Ya ce ya gani. Taya mai tauri tsaga yashi take yi ta nutse, in ta yi laushi sai tafinta ya yi tsawo ta hau kai. Abu na biyu, a sauke kaya. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce, jarkokina kaɗai kilo 100 ne. Matan da ke tonon ruwa a gefen rafin suka kawo bokitai, aka juye musu, suna ta sa mini albarka. Samari suka kwance tanti suka ɗauka a ka, suka ɗauki firji, suka kwashe yashin da ke ƙarƙashinta. Batir ɗin firji ya koma gaba, inji ya tashi. Dattijo ya shiga ya sa ta a giya ta biyu, ya taɓa totur da ɗan yatsan ƙafa, mota ta fita tana tafiya a natse.

A kan gaɓa ya nuna baƙin fayif ya ce, "Wannan hancin fa?"

Na ce na shiga ruwa ne.

Ya waiga ya dubi rafin, ya ce, "Sai ka dawo a watan Agusta."

Ni har yanzu ina kan bakana cewa rafin ne ba daidai ba, irin na Ostireliya da itatuwa a gefe.

Mai faci ya mayar mana da iska, muka ratsa Bauchi, muka karya a Dindima, muka shiga ƙofar Mainamaji. Yankari daji ne mai murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi tun 1956, da giwa da ɓauna da gwanki a ciki, amma hanyar zuwa sansanin Wikki ita ma kwalta ce. Iyali suka kama ɗaki, yara suka faɗa ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ba ya barin digiri 31 dare da rana. Ni kuwa na hau tsani na kwana a tanti, a wurin ajiye motoci, don kada kuɗina su tafi a banza.

Da asuba na sauka alwala na bar zif a buɗe. Duk wanda ya san Wikki ya san gwaggon biri ne masu unguwar, kuma tsani a wurinsu gayyata ce. Ko da na dawo, wani ƙato yana zaune a bakin tantin, ƙafafu a kan matakala, da kilishina a hannu, iyalinsa na ciki a kan katifa.

Ina tsaye ina lissafin yadda za a yi sulhu, sai ga wani saurayi ɗan yawon buɗe ido da kyamara. Ya dubi bamba, ya dubi yashin da ya manne a tayoyi, ya ce, "Yallaɓai, wace hamada kuka ratso?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Ka san Tenere?"

Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, in ka gama da Teneren, hularka ce a kan na bayan can."