Majami'ar Da Kowa Ke Da Muƙami

A ƙananan majami'un Metodis na Taraba, tun daga unguwannin Jalingo har Zing da gindin duwatsun Bambur, inda ɗan mishan C. W. Guinter ya kafa tasha a 1923, muƙamai sun fi mutane yawa. Ga kwamitin gini, ga na kuɗi, ga na bishara. Ga Zumuntar Mata, ta Maza, ta Matasa. Ga 'yan kwaya, 'yan Birged da malaman makarantar Lahadi. In aka ce shugabanni su dakata bayan sujada, yara da baƙi ne kaɗai ke tafiya gida.

Abin ya samo asali. A 1742, a birnin Biristol na Ingila, bashin ginin ɗakin taro ya sha wa jama'ar John Wesley, jagoran 'yan Metodis na farko, kai. Sai aka kasa su aji-aji, kimanin mutum goma sha biyu a kowanne, kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako, shugaban aji na bi gida-gida yana karɓa. Ba a jima ba masu karɓar kwabo suka fara dawowa da ƙarin bayani: an tarar da wane yana faɗa da matarsa, an iske wane a buge. Wesley ya ga ya tsinci dami a kala, ya mai da karɓar kuɗi hanyar kiwon rayuka. Daga nan 'yan Metodis suka gaji abu biyu: rubuta komai a littafi, da sanin abin da ke cikin tukunyar kowa.

Magajin wannan kwabo shi ne Ma'aji. Mutum ne mai gaskiya, har gaskiyar tasa ta zame wa jama'a ciwon kai. Makullin akwatin baiko na rataye a wuyansa, amsarsa kuma ɗaya ce tun kafin ka gama gaisuwa: "Babu kuɗi a asusu." Matasa su zo neman na lasifika, babu. Rufi na yoyo daidai kan bagade, babu, a matsar da bagaden. Bayan sujada yakan kulle ƙofa ya zauna yana miƙar da takardun naira da aka dunƙule, ya kuma san hannun da ya jefa yagaggiyar nan, domin shi da kansa ya ba mutumin ita canji a kasuwa.

A bencin gaba, jikin taga, akwai Baba, wanda ma'auninsa ɗaya ne: zamanin mishan. A zamanin mishan ba a makara, ba a tafa hannu a coci, ruwan sama ma kan lokaci yake sauka. Yana ba da labarin saukar ɗan mishan Thomas Birch Freeman a Badagiri a 1842 sai ka rantse shi ya riƙe masa jaka. Da an fara wa'azi sai ya rufe ido, wai yana nazari. Nazarin kan yi zurfi har ya fara sauti, sannan ya farka da "Amin!" mai ƙarfi daidai lokacin da Fasto ke lissafa zunuban Saduma.

Magatakarda ba sai an daɗe a kansa ba, shi zai daɗe da kansa. In ya tashi sanarwa, yana da "a taƙaice", da "na ƙarshe", da "na ƙarshen ƙarshe", da "au, na manta". Abokin baiwarsa shi ne wanda bai kamata a ce ya sa wa abinci albarka ba: zai taso daga Farawa, ya ratsa jeji tare da Isra'ilawa, kafin ya iso Ru'ya ta Yohanna tuwo ya sandare, yara sun buɗe ido ɗaya suna gadin nama.

Amma mai son kallo ya leƙa Zumuntar Matasa. Shugabansu ya yi furfura. Ɗansa na fari yana cikin ƙungiyar, har ya fara neman aure. Duk da haka "mu matasa" ba ta barin bakinsa, kuma duk shekarar zaɓe yakan tashi ya ce shi kam ya gaji, a nemi wani, da muryar wanda zai yi fushin wata uku in aka nemi wanin. Ni dai ba na ganin laifinsa sosai. Matasan gaske da sun gama sakandare sai Jalingo, sai Yola, sai Abuja. Shi ne bai taɓa tafiya ba, shi ke da babur ɗin kai mara lafiya asibiti, shi ya san inda aka ajiye ganguna.

A ƙarƙashinsa akwai mai kibod, wanda ya san sauti ɗaya tak, kowace waƙa dole ta sauko ta same shi a can. Akwai mai janareta, wanda shi kaɗai ke da ikon katse Fasto a tsakiyar magana ba a ce ya yi rashin kunya ba. Akwai wanda kiran shiga kwaya ya zo masa a makon da wata yarinya ta shiga. Ba ya fashin koyon waƙa, shi ke jera benci, shi ke raka mutane gida, musamman mutum ɗaya. Ranar da aka ɗaura aure kiran ya ƙare. Akwai mai karanta Littafi Mai Tsarki a waya a taron yamma, kai a sunkuye, cike da tsoron Allah, sai dai wata ayar kan sa shi dafe kai ya ce "kash", domin an zura wa Arsenal ƙwallo. Da Kirsimeti kuma ɗalibin jami'a ya dawo, a ba shi addu'a, ya zuba ta da Turanci a gaban tsofaffin da Hausar ma daga baya suka koya, bayan Mumuye da Kulung. Su ce Amin, tunda ɗansu ne, kuma Allah ai yana ji.

Charles Wesley ya rubuta waƙoƙi fiye da 6,000, wansa John kuwa a 1761 ya buga ƙa'idojin rera su, ciki har da kada a yi ihu a danne sauran, kada a riga jama'a, kada a ja baya. Duka ukun suna da wakilai kowace Lahadi. Wakiliyar na ukun tsohuwa ce mai riƙe Littafin Waƙoƙi a juye, don ba ta buƙatarsa, ta haddace. Jama'a sun zauna, ita tana kan baitin ƙarshe, ba kuma wanda ya isa ya yi ko tari.

Ba wanda ya isa, domin ita ce Uwar Zumunta. A takarda dattawa ke mulki. Su yi dogon zama, su yanke shawara, su rubuta, su sa hannu. Sannan a aika a ji ko Mama ta yarda. Ranar da matanta suka ɗaura ankon zumunta suka jera tulunan kiɗa, Bishop ma sai ya gyara zama. Ita ta san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya, ita ke kwanan asibiti, ita ke aika wa Hajiyar maƙwabta shinkafar Kirsimeti, a rama mata da naman layya da Babbar Sallah. Ita ce kuma ke tare saurayi a bakin ƙofa, gaban kowa: "Ɗana, yaushe za mu ci shinkafarka? Ko sai haƙorana sun ƙare?"

Ranar fita bishara ƙauyen gaba, mai lasifikar hannu kan fara tun asuba, hujjarsa Wesley ma ƙarfe biyar yake wa'azi; ya manta Wesley ba shi da lasifika. Wani don hoto ya zo: ya miƙa wa gwauruwa mudun masara, ya riƙe mudun gam har sai an ɗauka da kyau, kafin a iso gida Facebook ta sani. Wani duk ƙauyen surukansa ne, gaisuwa ta cinye masa yini, bishara sai wani jiƙon. Wani ba a ganinsa sai an sauke tukunya. Akwai kuma wanda bai iya magana gaban mutane ba, sai ya zame ya hau ɗakin wata tsohuwa ya gyara mata jinka. Magatakarda ba ya sa shi a rahoto, domin babu gurbin jinka a fom.

Da godiyar kaka doyar Zing ta cika gaban bagade, mai gwanjo ya sayar da zakara ɗaya sau uku, zakaran ya kwana gidan Fasto. Babban baƙo, ɗan gari mazaunin Abuja, ya karɓi makirufo ya yi alkawarin buhunan siminti, aka rangaɗa guɗa. Tun ranar wayarsa ba ta shiga. Ma'aji dai ya rubuta simintin a littafi, yana karanto shi duk taron shekara cikin kadarorin ikilisiya.

Fasto kuwa baƙo ne. Tun zamanin Wesley mai wa'azin Metodis ba ya dawwama wuri ɗaya. Yau Bishop ke turo shi, shi ke ɗauke shi. Jama'a sun san da haka, shi ya sa suke sauraron sababbin tsare-tsarensa suna gyaɗa kai, ba musu, ba motsi. Daren da sabo ya sauka, katifa ba ta gama shiga ɗaki ba za a fara sallama. Shugaban matasa ya zo ya gaya masa dattawa ne matsalar wurin nan. Wani dattijo ya zo ya ce matasa ne. Mama ta kawo tuwo, ba ta ce komai ba, ta dai ƙare wa matarsa kallo. Baba ne ke zuwa ƙarshe. Ya zauna, ya jingine sanda, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Rabaran, sannu da zuwa. Amma gaskiya wanda ya tafin nan, ba za a sake samun irinsa ba." Shi ne kuwa ya fara sa hannu a takardar da aka kai wa Bishop a ɗauke shi.