Masu Gudu Ba a Kore Su Ba

A Dakoro idan ka ga magidanci ya sheƙa da gudu, ɗayan biyu ne: ko sa ya ƙwace a kasuwar dabbobi, ko gobara ta tashi. Shi ya sa duk babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba, da baƙinmu na ƙasashen waje suka sauka da kekuna da takalman gudu, mu ƴan fada sai mu gyara zama. Ga shayi a kan gawayi, ga silima kyauta.

Sarkinsu ɗan Faransa. Nan aka binne cibiyarsa, amma shekara goma a Liyon ta sa yana tambayar ko ruwan randa an tace shi. Kekensa a jirgi ya zo Yamai, ya hau saman mota har Maraɗi, ya ratso Sabon Maci da Kornaka ɗaure tsakanin buhuna. Kuɗinsa ya sayi raƙumi, amma yaro da hannu ɗaya yake ɗaga shi, ga taya siririya kamar tsinken tsire. Gogan ya ɗora hular kwano mai huji-huji, ya zura wando matsattse wanda ya sa gwaggonsa ta kau da kai tana salati, ya ce Gadabeji za shi, ya gano raƙuman dawan da aka kai can daga Kure a 2018. Rabin hanya a keke, rabi da gudu. Wanda ya ƙera keken kwaltar Turai ya sani, bai taɓa jin labarin rairayin arewacin Dakoro ba, balle ƙayar aduwa. Bayan la'asar sai ga shi a kan amalanke, keken kwance a cinyarsa kamar mara lafiyar da za a kai asibiti.

"Kawu, ai motsa jiki ne," in ji shi.

"Haka ne, ɗana," in ji kawun. "Jakin nan kam ya motsa."

Alhajin Kano kuwa ba sha'awa ta fito da shi ba. Likita ne ya ce ko ya rage tumbi, ko ciwon suga ya rage shi. A gida kunya ta hana shi, kada ƴan Kantin Kwari su gan shi yana haki, sai ya bari har ya tsallako iyaka gaida surukai. Da an sallame asuba zai fito da jallabiya da takalmin ƙwallo, direba na biye da mota sannu-sannu saboda ko-ta-kwana. Rabonsa da sassarfa tun tsakanin Safa da Marwa. Abin da ke karya shi gaisuwa ce. Taku ashirin sai wani dattijo ya tare shi: "Ranka ya daɗe, lafiya? Wa ya rasu?" Dole ya tsaya, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a yi batun damina. Gudun yakan ƙare ne a gindin mai waina, a bi da ƙwaryar fura da nonon Fulani. Ya zo rage kilo biyu, ya koma da guzurin uku.

Akwai ɗan hoto, ɗalibi daga Maroko. Gudunsa tsawon bidiyo ne, a yayyafa ruwan leda a goshi ya zama gumi, a tura WhatsApp. Yana da agogo mai ƙirga taku, kullum yana nuna mana dubu ashirin. Sai daga baya muka gano ƙanensa mai kiwon awaki yake ɗaura wa da safe.

Na gida ma ba a bar su a baya ba. Mai faci, wanda duk shekara kabu-kabu suka rage masa ciniki, addu'a yake Allah ya tsawaita hutun, ya ƙara wa ƙaya kaifi. Shi kuwa Bororo, da ya wuni a ƙafa bayan shanu tun daga kwarin Tarka, da ya ga mai gudu sai tausayi ya kama shi, ya bi shi yana tambaya: "Me ya ɓace? Saniya ce ko ɗan maraƙi?" Aka ce masa ba abin da ya ɓace. Ya daɗe yana kallon mutumin, sannan ya ja sandarsa.

Ni dai wanda nake jira kullum shi ne tsohon nan mai keken Rale da ya girme ni, ba burki, sirdin ɗaure da tsumma. Daga Birnin Lalle yake tahowa da buhun gero a baya da kaji biyu a gaba. Rannan ya iske ɗan Faransa a bakin kwalta yana tsotsar gora, jiki duk ƙarangiya. Ya sauke ƙafa ɗaya, ya dube shi, ya dubi keken.

"Yaro, ɗauko abin naka ka hau bayan buhun. Gari zan shiga."